Awa Biyu Na Ce wa Likita

Shekarar da ƙuguna na hagu ya fara ciwo aka sa ranar auren autata. Burina ɗaya ne, in shiga coci da rawa a gaban amarya tare da matan zumuntarmu. Likitar ƙashi, yarinyar da na haifi sa'arta, ta ce ba rawa sai ƙafar ta yi ƙarfi, kuma tafiya ce maganinta.

"Mama, kina tafiya kuwa?"

"Awa biyu kullum," na ce. "Daga Unguwar Boro har kasuwar Sabon Tasha."

Allah ya sani ban yi niyyar ƙarya ba. Takwas nake fita, goma nake isa kasuwa. Duk da haka ta ɗaura mini wani abu kamar kwalin ashana a ƙugu, wai yana ƙirga taku. Na ji haushi sosai. Da furfurata a sa mini ɗan rahoto?

Bayan mako guda na koma. Ta duba kwamfuta, ta danne dariya.

"Mama, bai kai minti ashirin ba."

Na ce abin nata ya lalace. Ta ce to, in ba ta labarin hanyar.

Na fara lissafi. Gida na uku akwai ƙawata mai ƙosai, tana hango ni take jawo kujera. Gaba kaɗan Alhaji mai siminti, gaisuwarmu sai ta kai ga jikoki. Sai matar fasto, wadda ba a ƙin kununta. Kafin in tashi rana ta yi zafi, sai in tare keke. Ina kaiwa nan kunya ta kama ni.

"Ki daina zama," in ji ta. "Saura wata uku."

Washegari na wuce kowa da ɗaga hannu kawai. Kafin la'asar mutum huɗu sun zo tambaya ko an yi mini laifi. Da na bayyana musu, mai ƙosai ta gyara ɗaurin zaninta.

"Wannan ne abin damuwa? Ai sai mu raka ki."

Haka aka yi. Ita ta kai ni shagon Alhaji muna tafe muna gaisawa, Alhaji ya bar simintinsa ya miƙa ni ga matar fasto, ita kuma ta biyo ni da kununta a gora har bakin titi. Ba wanda ya sake ba ni kujera. Kwalin ashanar ma ya fara ba da shaidar kirki.

Ranar biki na shiga coci da rawa, ba sanda. Ƙugun ya ɗan yi gunaguni, na share shi. Da na juyo na ga autata tana kallona tana share hawaye, sai nawa suka zubo, ban kuma daina rawar ba.