Rubutun Hajiya a Gefen Shafi

Girma ya zo, mantuwa ta fara yi mini yawa, amma akwai wata safiyar Talata a gidana na Karu da na san ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Allah.

Aikin gwamnati ya kai ni ƙasashe da dama, kuma duk inda na sauka, masu sayar da tsofaffin littattafai nake fara nema. A Alƙahira, a Yamai, a Istanbul, abu ɗaya na tarar: mai karatun gaske ba ya barin gefen shafi fari. Mu ma haka muka taso a Zariya, malami na fassarawa, kana cusa ma'ana da ajami tsakanin layuka. Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, ta fi ni wannan ɗabi'a nesa ba kusa ba.

Da idonta ya yi rauni, 'yarmu ta kawo mata kwamfutar hannu, ta sa mata wani littafin tarihi na Larabci a manhajar da ke ƙara girman rubutu. Shekara biyu muna bin sa bayan la'asar a baranda. Ni ne mai karantawa da fassara, ita kuma ta shafa wa layi launi ta rubuta abin da ke ranta. Ba ta yarda in leƙa.

"Malam, kai da kake jin harshe biyar, me za ka yi da Hausar tsohuwa?"

"So nake in ga inda kika yi mini gyara, Hajiya."

"Ai shi ya sa ba za ka gani ba."

Bayan rasuwarta na yi wata huɗu ban iya taɓa na'urar ba. A wannan Talatar na buɗe. Kusan kowane shafi akwai hannunta. Na farkon da na karanta cewa ya yi: "Malam ya fassara nan da gadara, amma ina jin bai gane ba." Na yi dariya har hawaye ya zubo. Na karanta biyu bayansa, sai wani saƙo ya rufe shafin, wai an fitar da sabon bugu da aka gyara kurakurai, ko ina so a sabunta.

Abin da ya zo mini a rai shi ne mai ɗinkin littattafai na unguwarmu a Zariya. Kana kai masa littafi a yage, ya ɗinke, ya sa sabon bango na fata, ya dawo maka da shi da duk abin da kakanka ya rubuta a ciki. Na ɗauka haka ake nufi. Na danna, na tashi ɗora shayi don in zauna da ita sosai. Da na dawo, shafukan fes, kamar ba wanda ya taɓa zama a kansu.

Ko shayin ban sauke ba na nufi kasuwar Karu, wurin wani Bakatsine mai gyaran waya, na yi masa bayani. Ya daɗe yana bincike, sannan ya cire tabarau.

"Baba, ba a ajiye rubutun nata a wani wuri ba. A jikin tsohon bugun yake, da aka cire shi suka tafi tare."

"Wato sun ɗauke littafina sun ba ni wani?"

"Ai dama ba naka ba ne, Baba. Aro suka ba ka." Ya miƙo mini na'urar da hannu biyu, ya yi wa Hajiya addu'a.

A Alƙahira na taɓa riƙe littafin da wani mutum, wanda ƙashinsa ma ya zama ƙasa, yake ta musu da marubucin a gefen shafi. Muryarsa na nan. Ta Hajiya ba ta tsira daga yatsa ɗaya ba. Har yau ina marmarin ganin manhajar da za ta ɗauki rubutun mai karatu a matsayin dukiyarsa, ta ajiye shi dabam, ta bar shi ya kwafe ya ba 'ya'yansa, kuma kafin ta share komai ta faɗa masa a harshen da tsoho zai fahimta.

Jimloli ukun nan na haddace su, na rubuta su da biro a bugun takarda da na nemo. Abin da na koya shi ne, kafin ka ba na'ura amanar karatunka, ka tambayi inda take ajiye abin da ka rubuta. Littafin ana samunsa ko'ina, amma gefen shafin nan sau ɗaya aka rubuta shi. Har yanzu ina karatu bayan la'asar, kuma duk inda na ji na fassara da gadara, sai in dakata in dubi gefen.