Gayaunata ta yi fure

Ina zaune ni kaɗai a wani kedai, wato shagon shan shayi, a unguwar Sentul, nan ƙasar waje inda nake karatu, shayina har ya huce, sai na kira Baba.

Na ce, "Baba, yau a aji aka ce mana a wasu ƙasashe gwamnati biyan manomi take yi ya bar ciyawa a gefen gona, don ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su samu fure."

Ya yi dariya har da tari. "To turo min su su biya ni. Tun da ka tafi ban bari an sa fartanya a gayaunarka ba. Duk ta yi fure. Can nake zama da yamma."

Na ce masa layin ba kyau, na kashe.

Ku da ke nesa da gida, me aka ƙi taɓawa saboda ku?