Tarin Yaya a Cikin Baƙin Akwati

Yayata ba ta taɓa waƙa a gaban namiji ba. A unguwarmu nan Garwa, in za a sa amarya a lalle, ita ake aika wa goro. Sai an rufe ƙofar gida, an tabbatar babu namiji ko a zaure, sannan ta gyara zama kusa da ƙwaryar lalle ta fara. Waƙar ta kakarmu ce, da ita aka zo daga ƙasar Kano zamanin fatauci. Babu kiɗa a cikinta, babu tafi. Ni nake riƙe ƙafar amarya, Yaya tana rerawa, uwar amarya tana share hawaye a bakin ɗaki. Haka muka yi tun muna matan aure har muka yi jikoki.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita. Tana kwance ɗan ƙanenmu ya zo dubiya. Shi dije ne, irin samarin nan da ke sa kiɗa da na'ura a wajen biki, kuma a lokacin sunansa ya fara fita a gari. Ya durƙusa ya ce yana so ya ɗauki waƙar lalle ya ajiye wa matan gidanmu, don kada ta ɓace. Ya rantse ba za ta fita daga dangi ba. Yaya ta dube ni, na girgiza kai. Amma ita ta goya shi yana jariri, ba ta iya ce masa a'a. Abin da ta yi kawai, ta sa ya ajiye abin ɗaukar murya a kan tabarma ya fita waje. Kafin ta fara tari ya sarƙe ta, busasshen tari mai tsawo, sai da na dafa mata baya. Da ya lafa ta rera waƙar har ƙarshe. Ba ta sake rera ta ba.

Bayan an yi sadakar arba'in ɗinta na je bikin 'yar wani mai fataucin kifi daga Lagdo. Da la'asar ne, an kafa rumfa a kan titi, maza da mata a cakuɗe, ɗan ƙanena yana tsaye bayan teburinsa da abin saurare a kunne. Ina cikin gaisawa da uwar amarya na ji tari ya fito daga sifika. Na san tarin nan, ni na dafa bayan mai shi. Ɗan ƙanena ya yanke shi gajere yana maimaitawa, kaf, kaf, kaf, ganga tana binsa, samari suna dafe ƙirji suna rangaji suna kwaikwayo. Can sai ga muryar Yaya a kan kiɗa, an ja ta da sauri kamar ana kora ta. Masu haya da babur da suka tsaya kallo har da su ake rawa.

Ban yi magana a wurin ba, don ba na ɓata wa mutane taro. Washegari na same shi a gidan ubansa na ce ya cire. Ya yi dariya ya ce ai ɗaukaka Goggo Babba ya yi, yanzu duk Garwa an san muryarta, kuma a kan waƙar nan ake kiransa biki har Marwa. Na juya wajen ubansa. Ƙanen nawa ya sosa ƙeya ya ce yaran zamani sai haƙuri, wadda ta rasu kuma ba ta ji. Na ce masa ni ina ji. Na ɗauki mayafina na fita.

Daga nan na shiga zuwa duk bikin da na ji shi zai yi kiɗa. Ba wanda ke hana tsohuwa kujera. Sai in ja tawa kusa da teburinsa in zauna, in yi kamar ƙafa ce ke damuna. Shi ya ɗauka na sauko. Ni kuwa kallo nake. Ban san boko ba, amma na iya kallon hannun mutum in gane abin da yake tsoro. Ba ya damuwa da sifika, yara su hau su sauka. Babbar na'urar mai faifai biyu ma, kowa ya taɓa. Abu ɗaya ne ba ya yarda ko inuwar mutum ta faɗa masa: wani ɗan baƙin akwati, bai fi tafin hannuna ba, da gajeriyar waya a gindinsa da 'yar fitila kamar idon ɓera. Diski suke ce masa. A aljihun ƙirji yake ɗaukarsa, a naɗe cikin safa. Na lura kuma in zai cire shi sai ya tsaya ya zuba wa fitilar ido, sai ta daina ƙiftawa yake zare wayar a hankali.

Wata rana kafin a fara taro, ya haɗa akwatin da kwamfuta yana ƙara waƙoƙin da dangin ango suka roƙa, sai wuta ta ɗauke. Kwamfutar tana da nata caji, ba ta mutu ba, amma na ga zufa ta keto masa, bakinsa yana motsi da salati. Da hankalinsa ya dawo na tambaye shi, kamar mai neman hira, me ya firgita shi haka. Yana son a tambaye shi aikinsa, sai ya saki baki. Ya ce duk waƙoƙinsa suna cikin akwatin nan, aikin shekaru. In fitilar tana ƙiftawa, akwatin yana rubuta wa kansa ne inda kowace waƙa take, da sunanta, da alamar da ya sa mata ta inda zai yanke da inda zai maimaita. In aka katse shi a tsakiyar rubutun, sai ya rikice, na'ura ta kasa gane komai. Na ce to ba shi da wani irinsa a gida? Ya ce Allah ya kiyaye. Wai ya taɓa barin na biyu a ɗaki, abokinsa ya kwashe waƙoƙin ya je yana cin kasuwa da su, tun daga ranar guda ɗaya yake riƙewa, ko ubansa ba ya ba wa. Waƙar Goggo Babba kuwa, ya ce da alfahari, duk dijen garin nan sun roƙa ya hana.

Na ce masa Allah ya yi albarka. Na koma na jingina da kujera.

Ban yi gaggawa ba. Na bar bukukuwa da yawa suka wuce, ina zaune ina jin tarin 'yar'uwata ana rawa da shi, ina haɗiyewa. Ba na so in yi abin a tsakiyar taron wata baiwar Allah, kuma ba na so in yi shi a ɓoye kamar ɓarauniya. So nake ya gani da idonsa.

Lokacin da aka sayar da auduga, aka kira shi babban biki a Pitowa. Ranar tafiya da hantsi na je gidan ƙanena. Na tarar da shi a gindin mangwaro, an riga an ɗaure sifiku a kan mota a ƙofar gida, shi kuma yana zaune a tabarma da kwamfuta a cinya, akwatin a gefensa, fitilar tana ƙiftawa da sauri. Ubansa yana kan kujera yana jin rediyo. Na gaisa da kowa, na tambayi lafiyar matan gida, sannan na zauna a bakin tabarmar.

Na ce, “Ɗan nan, tambaya ta ƙarshe zan yi maka. Za ka cire muryar Yaya ko ba za ka cire ba?”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Haba Goggo Ƙarama, har yanzu maganar nan? Mutanen Pitowa ita suka fara roƙa. In kin ga dama ki shiga mota mu je, ki taka rawa ke ma.”

Na ce to. Na miƙa hannu na kama wayar daga gindin akwatin na fizge. Fitilar ta mutu. Na ajiye masa wayar a kan gwiwa.

Da farko bai yi ihu ba. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya mayar da wayar. Kwamfutar ta yi wani ɗan ƙara ta fito da rubutu. Ya danna, ya sake dannawa, ya tashi da gudu ya sa aka sauke na'urar daga mota ya haɗa ta a zaure. Gilashinta ya kawo haske, babu komai a ciki. Sannan ne ya fara magana, rabi Hausa rabi Faransanci, yana cewa na kashe shi. Ubansa ya miƙe ya ce mini, Yaya, me kika yi? Na ce abin da ka gani. Na ƙara da cewa in ya gyara, duk bikin da ya je zan je, ba kuma zai iya tsaron waya da hannu ɗaya yana kiɗa da ɗaya ba, babu kuma mai fitar da ni daga rumfar mata.

Ya tafi Pitowa a haka, don an riga an yi alkawari. Matan da suka je sun ba ni labari. Wai daga wayar hannunsa ya riƙa sa abin da ya samu, waƙa ta ƙare a yi shiru ana jiran wata, kira ya shigo ana tsakiyar rawa duk taro ya ji. Abokan ango suka gaji suka aika aka ɗauko wani dije daga Garwa, shi kuma ya zauna a kan sifikarsa yana kallo. Na sa aka maimaita mini wannan wurin. Amarya dai ta tare lafiya.

Ƙanena ya zo gidana da faɗa, wai na tozarta ɗansa a idon duniya, na taɓa masa abinci. Na bar shi ya gama. Na ce har yau ban gaya wa kowa a waje ba cewa tarin da ake rawa da shi na ciwon ajalin Yaya ne, don ba na son a riƙa yawo da jinyarta a baki. Amma in suka matsa, gida gida zan bi in gaya wa duk uwar da ke shirin aurar da 'ya, mu ga wadda za ta kira shi. Ya tashi ya tafi. Ya san matan garin nan, ya kuma san ni.

Aka kai akwatin wajen wani mai gyara a babbar kasuwa, Bafulatani mai sanyin magana. Na bi su, na tafi da 'yata ta fari wadda ta yi makaranta. Ɗan ƙanena ya fara yi masa bayani da Faransanci, na ce a yi Fillanci ko Hausa, ni ma da kunnena na zo. Mai gyaran ya ce waƙoƙin suna nan ba su ƙone ba, abin da ya lalace shi ne wurin da akwatin ke tuna su. Zai iya tsamo su, amma za su fito babu suna, sai lamba, alamomin yanka da maimaitawa kuwa sun tafi ke nan. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne kafin a san wace ce wace.

Haka aka yi. Kullum da safe ina zuwa shagon da tabarmata, in zauna tsakanin matattun wayoyi da warin dalma. Su buɗe waƙa, a ji kanta, ɗan ƙanena ya faɗi sunanta a rubuta, a wuce. Na ji kiɗan duniya iri iri a wurin nan, har kaina ya riƙa ciwo. Ba ya kallona, ni kuwa ban ɗauke ido daga kansa ba, don na san in ya gane lambar kafin ni zai tsallake ta.

Wata ranar da azahar ta kusa, mai gyaran ya danna wata lamba, sai aka ji motsin tabarma, aka ji muryata ina cewa a ja ƙofa. Na ce ya tsayar. Na ce duk namijin da ke shagon ya fita, har mai shagon. Ya nuna wa 'yata inda za ta danna, suka fita suka tsaya can wajen masu sayar da atamfa. Muka saurara mu biyu. Tarin ya zo da tsawonsa, ba a yanke ba, na ji tafin hannuna a bayanta. Sannan ta rera, a hankali, yadda take yi. 'Yata ta yi kuka. Ni na jira har ta kai ƙarshe.

Na kira su na ce a goge. Mai gyaran ya danna, ya ce an goge. Na tambaye shi, shi da ya tsamo abin da na'ura ta manta, ba zai iya tsamo wannan ba gobe in an roƙe shi? Ya yi murmushi ya ce zai iya. Na ce to ya yi irin gogewar da shi kansa ba zai iya dawo da ita ba. Ya ɗan daɗe yana yi, 'yata tana karanta abin da gilashi ke nunawa tana gaya mini, har ta ce ya ƙare.

Kafin a goge ɗin, ɗan ƙanena ya yi magana da ni karo na farko tun ranar mangwaro. Murya ƙasa ƙasa ya ce, “Goggo, a sa miki ita a ɗan katin memori ki ajiye. Ita ke nan fa, babu wata.”

Na ce, “Na sani. Kai ma ajiyewa ka ce za ka yi.”

Ya daɗe bai koma daidai ba. Wasu bukukuwan sun wuce shi, yana ɗaki yana sake sa wa waƙoƙi alama. Da Sallah ya zo gaisuwa tare da ubansa, ya durƙusa a bakin ƙofa, na amsa masa kamar yadda ake amsa wa kowa. Da za su tafi ƙanena ya tsaya ya ce, don Allah Yaya ki ce kin yafe masa, yaro ya ji jiki. Na ce ba ni ya yi wa rantsuwa ba. Wadda ya yi wa tana maƙabarta, ya san hanya.