Taran da Suka Yi Jere a Rabon Ƙanwata

Shekaru ina ɗaukar biro kan wannan magana ina ajiyewa, don iyakar karatuna firamare, kuma ina tsoron a ce tsohon tela ya shiga abin da bai sani ba. Amma abin ya ƙi barina.

Da mahaifinmu ya rasu ya bar gona a bayan ganuwa. Mu huɗu ne, maza biyu, mata biyu, ni ne babba. Ƙanena yana aiki a ɗakin kwamfuta a Samaru, sai ya ce a bari na'ura ta yi rabon don kada a cuci kowa. Na yarda. Takardar farko ta nuna kowace mace tana da 0.35 na hekta. Ya adana lissafin a faifan kwamfuta, ya kai Tudun Wada aka buga wa kowa tasa a wata na'urar. Nan ta babbar ƙanwata ta fito 0.35, ta autarmu kuwa 0.34999999. Autar nan mijinta ya rasu, marayu take riƙo.

Ranar ban iya ɗinki ba. Na tare ƙanen nawa a zaure.

"Ina sauran haƙƙinta ya tafi?"

"Yaya, babu inda ya tafi. Na'ura da bibbiyu take lissafi, ba da goma-goma ba. Wajen mayar da lambar rubutu ne ta zubo taran nan."

"To me ya sa ba ta zubo wa 'yar'uwarta ba?"

"Wallahi bambancin bai wuce faɗin farcenka ba!"

Ko farce ne, ai ƙasar marayu ce. Na je wurin malamin unguwarmu. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Mu da igiya muke rabo. Ku je ku auna." Muka auna, igiya ta ba su daidai. Amma igiya tana miƙewa, kuma takardar tana nan da taranta.

Daga ƙarshe na tuge turken iyakar da ke tsakanina da autar, na matsar da shi taku guda cikin rabona. Autar ta yi dariya har da riƙe ciki: "Yaya, yanzu kuma ni na ci naka!" Babbar kuwa ta yi fushi, wai na fifita ƙanwarta. Har damina ta wuce ba ta leƙo gidana ba.

Gonar yanzu gidaje ne. Ni dai ban samu amsa ba. Idan a cikin masu karatu akwai wanda ya san yadda na'ura ke mayar da lamba rubutu, don Allah ya sanar da ni: wace takarda ce ta faɗi gaskiya? In ta farko ce, to na bai wa autar abin da ban bai wa yayarta ba, kuma ina so in gyara tun muna raye.