Kawu Bawa da Famfo Mai Jan Kai

Ku da kuka san Kawu Bawa na Bungudu, kun san ba ya fita gida sai aljihunsa cike da totuwar masara. Sauran masu gyaran famfo sukan fara da neman makullin ruwa su rufe. Shi kuwa sai ya zaro totuwa, ya fiƙe bakinta da wuƙa, ya kwance kan famfo ruwa yana feshi, ya cusa ta cikin bututu. Wai shi ba ya rufe wa gida ruwa.

"Ruwa rahama ne," in ji shi. "Ni Bawa ba ni shiga tsakanin mutane da rahama."

Ni Asabe, ɗiyar ƙanwarsa, Allah ya yi ni da fargaba. Ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa ta sau biyu. To ku dubi wanda aka ba ni a matsayin kawu!

A gidan Innarmu na fara ganin aikinsa. Kafin ya gama ɗaura famfo ɗaya, tsakar gida ta zama tafki, kaji sun hau kan turmi suna kuka.

Inna ta ɗora hannu a ka. "Yaya, kajina za su nutse!"

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Tun bara nike ce maki agwagi sun fi albarka."

Na masallacin Tsafe kuwa ban gani da idona ba, kuma ba na son faɗin abin da ban gani ba, amma marigayi mijina yana wurin. Ranar Juma'a ce, Kawu yana canza famfon wurin alwala, totuwa ta ƙwace. Ruwa ya samu wani dattijo da ya sha babbar riga mai sitaci, tun daga hula har takalmi.

"Malam Bawa, ka kashe ni!"

"Haba Alhaji! Alwala ka zo yi, na ƙara maka da wankan Juma'a. Sunna ce, ka yi mini godiya."

Duk da na san wannan, da bakina na jawo shi Gusau. Shekara shida ina yi wa wata Hajiya girki, da aikin nan nake ciyar da 'ya'yana. Hajiya ba ta son ɓarna. Wadda na gada, tukunya ɗaya ta ƙona aka sallame ta. Ana gobe walimar saukar 'yarta, famfunan kicin suka kama yoyo, mai gyaranta kuma ya yi tafiya. Sai na ji bakina ya ce, "Ina da kawu." Wallahi kafin na rufe baki na yi da-na-sani.

Famfunan biyu ne, mai shuɗin kai na sanyi, mai jan kai na zafi. Kafin Hajiya ta tafi kasuwa ta kai ni bayan kicin, ta nuna mini hita, tukunyar lantarki mai dafa ruwa, da makullinta. "Asabe, ki kashe wutar, ki rufe wannan, kafin a taɓa komai."

Na kashe wutar. Amma tun safe hitar take kunne, ruwan cikinta ya riga ya tafasa. Na kai hannu kan makullin ke nan sai ga Kawu ya sauka daga kabu-kabu.

"Mi za ki yi?"

"Kawu, don Allah, wannan ruwan zafi ne."

"Ruwan zafi cikin bango? Wa ka hura mashi wuta, aljannu? Ke ɗiyar nan, in kin taɓa makullin ga, ba ni ba ke."

Ya zan yi? Yayan mahaifiyata ne. Na janye hannuna.

Ya fara da mai shuɗin kai. Totuwa ta shiga, sabon famfo ya hau, rigarsa kawai ta jiƙe. Ya dube ni yana murmushi. "Kin gani? Bature bai fi ni sanin ruwa ba."

Ya ɗora sifana a kan mai jan kai.

Innalillahi! Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ruwa ya fito da huci, tururi ya rufe kicin. Ya cusa totuwa, ta harbo kamar an saki gwafa, ta fasa kwanon tangaran na Hajiya. Sai mutumin nan ya toshe bututun da babban yatsansa! Ina gani ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ajiye, ya ɗaga ɗayar, hula ta faɗi cikin garin da na tankaɗe.

"Kawu, in rufe?"

"A'a!"

"Kawu, yatsanka!"

Ya cije leɓe, idonsa ya yi ja. Can ya kwatsa ihu. "Asabe! Ni ruwa na ce ba a rufewa. Wanga ba ruwa ba ne, shayi ne da ba a sa ma ganye ba. Rufe shi!"

Na ruga, na zame, na tashi, na murɗa makullin har hannuna ya yi ciwo. Na dawo na tsoma hannunsa a bokitin ruwan sanyi, yana ce mini ƙaiƙayi ne kawai. Da hannu ɗaya ya ƙarasa ɗaura famfon.

Muna cikin kwashe ruwa Hajiya ta shigo. Ta dubi ƙasa, ta dubi garin da ya zama kunu, ta dubi fasasshen kwano, sannan ta dube ni.

"Asabe, me na ce miki?"

Har na fara tunanin wace jaka zan zuba kayana.

Sai Kawu ya ɓoye hannunsa cikin riga ya matso. "Hajiya, kar ki ga laifin ɗiyar ga. Sau uku ta faɗa mini, ni na hana ta. Taurin kaina ne, ni za ki yi ma faɗa."

Jama'a, Kawu Bawa! Da na ba Inna labari, sai da ta sa na rantse. Ta ce tun suna yara ba ta taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Hajiya ta dube shi ta ce, "Baba, nuna mini hannun." Da kanta ta kai shi aka wanke aka ɗaure. Har yau ni nake girki a gidan.

Farcen yatsan bai sake fitowa daidai ba har ya koma ga Allah. Ni kaɗai na san abin da ya haɗiye kafin ya faɗi maganar nan a gaban baƙuwa, saboda ni da marayun da nake ciyarwa.

Ya Allah, kamar yadda ya rufa mini asiri a ranar nan, ka rufa masa nasa. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa. Amin.