Ranar da Aka Kai Telebijin Filin Kokawa

Mantuwa ta cinye mini abubuwa da yawa, har da sunayen kogunan da na yi shekaru ina sa yara haddacewa, amma akwai wata Lahadi a Djougou da ba ta isa ta taɓa ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, ina zaune a Albarika cikin Parakou, amma a Djougou na fara riƙe alli. A can kawuna yake, wan mahaifiyata. Kakanninsa fataken goro ne, shi kuwa ya bar musu goron ya kama kokawa. A zamaninsa, in aka ce zai shiga fili, masu shago rufewa suke yi. Da tsufa ya kama shi, sai ya yi niyyar miƙa ɗamararsa ta fata ga wani manomi ɗan Pélébina da ya daɗe yana horarwa. Ita kuwa ɗamara ba a bayar da ita a ɗaki. Sai a fili, bayan magajin ya kada wani, jama'a na kallo. Kawu kan ce ɗamarar da aka miƙa ba shaidu igiya ce kawai.

"Kai ne mai boko," in ji shi a waya, "ka zaɓa mana rana."

Na zaɓa da duk ilimina. Na kauce wa Juma'a, na kauce wa ranar kasuwa, na duba azumi, na duba damina, har bikin 'yar maƙwabcinsa na lissafa. Kalanda biyu na sani, ta liman da ta lakwal. Ashe duniya ta yi ta uku ban ji labari ba, domin ni a lokacin ƙwallon ƙafa a wurina hayaniya ce da ke shigowa aji ta taga.

Ran Asabar na sauka tasha, na hau zemijan. Mai babur ɗin sanye da rigar 'yan ƙwallo, da lamba a bayansa kamar motar haya. Na gayyace shi kokawar gobe bayan la'asar. Sai da ya rage gudu ya waiwayo.

"Gobe, Mushe? Gobe ƙarfe biyar? Ai ko ɗaurin aure ne, sai an nemo ango!"

Wasu manyan ƙungiyoyin Turai biyu ne za su kara, daga garuruwan da rabin masu yi musu kuka ba za su iya nuna su a taswira ba. Na sani, ni na koya musu taswirar. Ɗaga rana kuma ba ta yiwuwa, makaɗa sun iso, 'yan kokawar ƙauyuka suna hanya. Na tarar da Kawu yana shafa wa ɗamara man kaɗanya, yana tambayata ko filin zai ɗauki mutane. Na ce masa zai ɗauka. Ban yi ƙarya ba.

Da safe na haɗiye girman kai na nufi babban gidan kallon unguwar. Mai shi tsohon ɗalibina ne, yanzu magidanci har da furfura a gemu. Shi ne wanda na taɓa ƙwace wa ƙwallo, na faɗa masa a gaban aji cewa ba za ta taɓa ciyar da shi ba. Ga shi tana ciyar da shi da iyalinsa, ya kuma fi ni tumbi. Ya tashi ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama.

"Mushe, ba zan iya hana mutane kallo ba. Ko hakimi bai isa ba."

"Na sani."

"Amma babana a kafaɗa ya ɗauke ni na ga Baba, kawunka, yana kokawa. Ka je ka huta."

Ban huta ba. Bayan azahar ina zaune bakin fili ina kallon kujerun da ba kowa, sai ga amalanke da bencuna, ga injin wuta, ga ƙatuwar telebijin mutum biyu sun rungumo ta kamar mara lafiya. Ashe tsohon ɗalibin nan nawa ya rufe gidan kallonsa a ranar da ta fi kowace kawo masa ciniki, ya rubuta a ƙofa cewa wasan yau a filin kokawa za a nuna, kyauta. Ya san abin da ban sani ba: mai son ƙwallo ba ya zuwa a kan lokaci, tun da sauran awa guda yake kama benci. Kafin a idar da la'asar fili ya cika, masu jar riga a nan, masu shuɗiya a can. Mai gidan kallon ya hau benci ya ce, "Ba na kunnawa sai Baba ya gama."

Aka yi gunaguni, aka fara kiɗa. Ƙananan karawa suka wuce, samari na kallon agogo. Magajin Kawu ya shiga da wani ƙato, suka sarƙe, aka rasa mai kada wani. Biyar ta buga. Wani mai waya a kunne ya yi ihu, "An fara!" Sai na ji wani mai jar riga, idonsa na kan fili, ya daka masa tsawa: "Kai dalla rufe mana baki! Kama ƙafar, ɗan Pélébina, ƙafar!" Can manomin nan ya sunkuya, ya ɗaga ƙaton, ya shimfiɗe shi. Ihun da aka yi, ja da shuɗi baki ɗaya, ban taɓa jin sun haɗu a kan komai ba sai ranar.

Kawu ya miƙe da sandarsa, ya ɗaura wa magajinsa ɗamara da hannunsa, ya juya ya ce, "Kun gani?" Fili ya amsa, "Mun gani, Baba!"

Sannan aka tayar da inji. An riga an ci ƙwallo ɗaya, ba wanda ya yi ƙorafi sosai. Aka ba Kawu bencin gaba, ya yi kallonsa na farko. Da wani ɗan wasa ya faɗi yana birgima, alƙali ya ba shi bugu, sai Kawu ya taɓo ni.

"Ɗan nan, a wannan wasa wanda ya faɗi shi ke da gaskiya?"

Kawu bai ga wata kakar ba, Allah ya jiƙansa. Ya tafi yana cewa filinsa bai taɓa cika irin na ranar ba, ni kuma ban gyara masa lissafi ba. Ƙwallo ta ci gaba da cinye gari, kokawa na nan tana lallaɓawa. Abin da na koya shi ne, abin da ka raina ba ya raguwa don ka kau da kai, kuma ranar da iliminka ya gaza, mai yiwuwa wanda ka yanke wa hukunci a aji ne zai rufa maka asiri. Na gode masa, ina kuma gode masa. Yanzu ko taron iyayen yara zan sa, sai na kira shi tukuna na ce, "Wa ke wasa?"