Ganyen Dabino a Tafin Hagu

Shekarar da tsutsa ta cinye mana audugar hawasha, gonar da muke haya, uwata ta sa ni a lori zuwa Sinja, gidan wata hajiya mai ƙunshin amare. Abin da nake samu can, shi ke ciyar da gidanmu.

Aikin zama ne, tun hantsi har la'asar. Ki kwaɓa lalle da hannu, ki zuba nashadir, wani farin gishiri mai ƙauri, don ya yi baƙi, ki zana ƙafa, ki rufe farce ɗaya bayan ɗaya. Nashadir yana cin fata, yana sa tari. Yatsunmu suka tsattsage. Daga baya suka daina jin zafi, suka daina jin komai.

Ran nan hajiya ta tafi ta'aziyya garin Suki, sai ga ɗan jarida daga Khartum da kyamara a wuya. Sauran 'yan aikin suka shige ɗaki, ni ina bakin turmi.

Ya ce da Larabci, "Ya bitti, yarinyata, kada ki ji tsoro. Ba suna, ba fuska. Hannu kawai."

Na miƙa masa. Ya tambaya, na amsa. Alkawarinsa kuwa ya cika shi.

Abin da bai sani ba, kowace mai ƙunshi tana gwada lallenta a tafin hagunta kafin ta taɓa amarya, kuma kowa da zanenta. Nawa ganyen dabino ne mai karkatacciyar wutsiya, irin na kakata. Matan Sinja ba su san sunana ba, amma sun san ganyen.

Da jaridar ta iso, mai kantin unguwa ya karanta wa hajiya, muna tsaye. Tsagar yatsu gaskiya ce. Tari gaskiya ne. Amma ya rubuta ana kulle mu da kwaɗo, alhali ƙofar nan ko sakata ba ta da. Ya rubuta ana hana mu abinci, mu da muke cin kisra, wainar dawa, akushi ɗaya da ita.

Hajiya ta dubi hoton, ta ce, "Buɗe hannunki, 'yata."

Na buɗe.

"Ke kika ce ina kulle ku?"

"Ban ce ba, Inna."

"Na sani." Ta juya mini nata tafin, ya fi nawa tsagewa. "Da ya jira na dawo, ai da ya ɗauki wannan."

Ba ta kore ni ba. Iyayen amare ne suka riƙa duba hagun kowa tun daga zaure. In sun ga ganyen sai su ce, "Ba wagga ba, mai kai maganar gida Khartum." Na wuni, na kwana, ba ƙafar da aka miƙo mini. Ranar kasuwa hajiya ta ɗaura kisra cikin ƙullina, ta ce, "Khalas, shi ke nan, 'yata."

Na ji daga baya an saya wa sauran cokulan kwaɓi.

Na koma gida wurin uwata. Dawarmu ta ƙare kafin damina. Da kaka na shiga tsintar auduga a hawashar mutane. Ɓawon yana soke ni, sai na ga ja a kan farin, sannan na san ya shiga.